Shafukan da Gara ta Cinye

Dukanku kun san shekarar da Dije ta bar gidanmu, sai dai abin da kuka sani ba daidai ba ne. Bara da sallah na ji Aminu yana gaya wa matarsa wai uban Dije ne ya cire ta daga lakol, wato makarantar boko, don mutumin daji bai san darajar karatu ba. Na yi shiru saboda akwai baƙi, amma raina ya ɓaci ƙwarai, kuma da kaina nake fushin, tunda ni na bar ku kuna faɗin haka shekara da shekaru. Uban nata, Sambo, ya riga mu gidan gaskiya, ba shi da bakin kare kansa. To ku natsu ku ji yadda aka yi, ku daina ɗora wa bawan Allah laifin ubanku.

Lokacin na aje aikin koyarwa, na dawo Cadawa na zauna. Ba ni da shanu, ba ni da kanti, abin da na tara a duniya shi ne koren akwatin ƙarfen nan da kuka sani, wanda uwarku Habsu ke kira kishiyar buhun gero don ya tare mata wuri a ɗaki. Tsofaffin littattafan labari ne a ciki, na Faransanci da na Hausa, waɗansu sun girme ku. Yaran koleji suka gano ni, suka riƙa zuwa aro bayan la'asar. Ni kuwa ba na miƙa wa yaro littafi haka kawai. Sai na sa shi ya wanke hannu, ya zauna, in dube shi. Mai ƙiriniya, wanda ƙafarsa ba ta tsayawa wuri ɗaya, in ba shi labarin tafiya. Mai shiru-shiru in ba shi na rikicin gida, don irinsu sun fi kowa lura da abin da manya ke ɓoyewa. In ya dawo da shi ba na tambayar me ya karanta, wannan aikin kilas ne, na cikin aji. Tambayata ɗaya ce: wa ya fi ba ka haushi a ciki? Daga amsar nake gane wanda zan ba shi gaba. Wallahi ina jin daɗin abin nan fiye da duk shekarun da na yi gaban tabulo, allon aji.

Akwai guda ɗaya da ba na bayarwa sai yaro ya gama biyar ko shida. Yara suna ce masa Mai Jan Bango. Labarin wani mutum ne da ya yi faɗa da ƙanensa kan gonar gado, ƙanen ya yi fushi ya shiga duniya, bayan shekaru wan ya tashi nemansa gari gari. Mushen da ya koyar da ni tun ina ƙarami, wato malaminmu na lakol, shi ya bar mini shi, kuma tun a hannunsa gara ta cinye shafukan ƙarshe. Labarin yana yankewa daidai inda wan ya iso ƙofar wani gida a wani gari mai nisa, aka ce masa nan ƙanensa yake, ya buɗe baki ya yi sallama. Shi ke nan, sai rami da ɓurɓushin takarda. Shekarata ta farko a aiki wani yaro ya dawo da shi yana ta zumuɗi, ya ce Mushe, daga nan fa? Ina saurayi, sabuwar riga, yara arba'in suna kallona. Na ji kunyar cewa ban sani ba. Sai na ce ai ƙanen ya fito, suka rungumi juna, suka koma gida kafin ruwan shuka. Yaron ya yi murna, ni ma na ji sanyi. Daga nan duk wanda ya tambaya haka nake gaya masa, ina ƙara gishiri kaɗan kaɗan, har na sa musu rago da aka yanka. Abin da har yau yake ba ni mamaki, na maimaita shi har na koma ina ganinsa a rubuce. In da za a rantsar da ni, da sai in ce a shafin hagu yake, can ƙasa.

Sambo makiyayi ne, rugarsu tana yamma da gari. Wata ranar kasuwa ya zo da ɗiyarsa Dije, wadda ta samu shiga koleji, yana neman gidan da za ta zauna don rugar ta yi nisa. Wani ya nuna masa gidanmu. Dogon mutum ne siriri, ba ya gaggawar magana, Hausarsa tana fita a hankali kamar yana auna ta. Habsu ta ga yarinyar ta ce ta karɓa tun kafin in buɗe baki. Suna zaune a zaure sai ga yara biyu sun zo mayar da littafi. Sambo ya bi su da ido har suka fita.

"Mushe, wannan sayarwa kake?"

"A'a, Malam Sambo, aro ne. Su karanta su dawo da shi."

"To me suke bar maka?"

"Ba komai. Abin da ke ciki su tafi da shi, littafin ya dawo."

Ya yi murmushi, karo na farko tun zuwansa.

"Af, haɓɓanaye ke nan."

Na san kalmar sama-sama, amma na ce ya bayyana mini, don ni mutum ne mai son jin ƙwaƙwaf. Ya ce a wurinsu in ɗan'uwanka ba shi da dabba, sai ka ɗaure masa karsana ka ba shi. Ya kiwata ta, ya sha nono, ta haihu, 'ya'yan nasa ne, uwar ta dawo gare ka. Kuma wanda aka ba yana kula da ita fiye da tasa. Na ji daɗin kwatancen har na ce zan riƙa gaya wa yara. Sai ya ɗaga yatsa.

"Amma akwai sharaɗi. Ba a ba mutum saniyar da ba a san halinta ba. In tana harbi, in tana tunkuyi, sai ka faɗa. Ni ban iya karatun nan ba. Abin da za ka ba ɗiyata, ka san shi?"

"Na san su duka."

"Har wutsiya?"

"Har wutsiya, Malam Sambo. Babu wanda ban karanta ba daga farko har ƙarshe."

Ko gezau ban yi ba da na faɗi haka. Mai Jan Bango bai ma faɗo mini a rai ba.

Dije ta shekara uku da wani abu a gidanmu. Ku manyan kun tuna ta, mai tsefe wa 'yar'uwarku Hadiza kai tana karatu da ɗaya idon. Ban taɓa samun mai karatu irinta ba. Ita ba ta jira in tambaye ta wa ya ba ta haushi, tun daga ƙofa take fara faɗa da mutanen cikin littafi kamar maƙwabtanta ne. Ta taɓa mayar mini da wani ta ce marubucin bai taɓa tatsar saniya ba, don ya zaunar da mai tatsa a inda za a harbe shi. Na yi dariya har da tari. Duk ƙarshen mako in ta je ruga sai ta juya wa ubanta abin da ta karanta da Fillanci, a gindin itace, lokacin da shanu ke hutawa. Ashe Sambo ya zama ɗalibina ban sani ba. Ranar kasuwa in ya kawo mana nono sai ya ce, wancan alƙalin na cikin littafi, Mushe, Allah ya isa.

A shekararta ta ƙarshe, wadda za ta yi jarrabawar fita koleji, na ba ta Mai Jan Bango. Da ta kai ramin gara ta zo da gudu, na ba ta ƙarshena har da ragon. Ta kai wa ubanta. Aka ce Sambo ya sa ta maimaita masa wurin rungumar sau biyu. To a shekarar aka kawo musu wani sabon mushe, yaro matashi, mai ɗauke da littattafai cikin salula, wayar hannunsa. Dije da shegen son sani ta tambaye shi ko yana da wannan. Yana da shi, cikakke. Ta roƙe shi, ta riƙa zama a kilas lokacin hutu tana kwafe shafukan da suka ɓata cikin kaye, littafin rubutunta, da bik, wato biro. Wata rana da azahar ina gyaran ɗaurin akuya ta tsaya bayana.

"Baba Mushe, na ga ƙarshen Mai Jan Bango. Ba su rungumi juna ba."

Maimakon in ce zauna ki gaya mini, sai na daka mata tsawa.

"Ke, abin cikin salula ne za ki yarda da shi? Kowa ma yana iya rubuta shirme ya zuba a ciki. Tafi ki taya innarki aiki."

Ta dube ni, ta wuce. Kun ga ƙarya ta biyu ke nan, kuma ta fi ta farko muni, don wannan karon ina sane.

Dije ba ta iya riƙe abu ba. Ta je ruga ta gaya wa ubanta cewa ƙarshen da ta ba shi dā ba shi ne ba. Sambo ya yi mata faɗa, ya ce tana ƙaryata dattijon da ke ciyar da ita, ta ce ita abin da ta gani ta faɗa. Ta dawo idanu a kumbure, ta gaya wa Habsu cewa ranar kasuwa ubanta zai zo ya ji daga bakina. Saura 'yan makonni jarrabawa, hadari ya fara haɗuwa a gabas, makiyaya suna shirin tashi arewa kafin gonaki su rufe hanya. An riga an shirya Dije za ta zauna wurinmu ta yi jarrabawarta. Habsu ta same ni a zaure, ta tsaya a kaina riƙe da ludayi.

"Malam, ka karanta shi ko ba ka karanta ba?"

"Ban karanta ba."

"Na sani. Shekara nawa ina jin ragon nan yana ƙara ƙiba. To ka saurare ni. In Sambo ya zo ka ce masa ka karanta. Zai yi wa yarinya faɗa, faɗa ba ya kisa. Ta yi jarrabawarta, in ya so bayan kaka ka je har ruga ka durƙusa ka ba shi haƙuri."

"In sa ta zama maƙaryaciya gaban ubanta?"

"Da ka sa ta zama marar takarda fa? Ka san mutumin nan. In ya ji ka yi masa ƙarya, wallahi ba za ta ƙara kwana gidan nan ba. Kai dai girmanka kake ji, ko can ko nan."

Kada ku ga laifin uwarku. Ta fi ni son Dije, kuma abin da ta hango shi ya faru. Ni ma na yarda da shawararta. Na kwana biyu ina shirya yadda zan faɗa, har na tanadi cewa wataƙila littafin iri biyu aka buga.

Ranar kasuwa da hantsi Sambo ya zo, bai kawo nono ba. Ya jingine sandarsa, muka gaisa, ya sa aka kira Dije ta durƙusa daga gefe. Mai Jan Bango yana hannunta tare da kayen.

"Mushe, magana ɗaya ta kawo ni. Yarinyar nan ta ce abin da ka gaya mata ba shi ke cikin littafi ba. Ni na ce mata kai ka karanta har wutsiya, da bakinka ka gaya mini a zauren nan. In ka ce ka karanta, magana ta ƙare, ni na san abin da zan yi da ita. Ka karanta?"

Na buɗe baki da niyyar cewa e. Sai na dubi Dije. Ba kuka take ba, ba ta kuma sunkuyar da kai ba. Kallona take irin kallon da take yi wa littafi in ta kusa ƙarshe, tana jira ta ga yadda mutumin zai yi. Shekara uku tana gaya mini wa ya fi ba ta haushi. Na san amsar da za ta bayar in na ce e, kuma har ta mutu ba za ta canja ba.

"Ban karanta ba, Malam Sambo. Tun kafin ya zo hannuna gara ta cinye. Ni na ƙirƙiri ƙarshen. Ɗiyarka gaskiya ta faɗa."

Daga bayan zana na ji Habsu ta saki ludayi a ƙasa. Sambo bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga.

"Na tambaye ka tun farko," ya ce. "Da ka ce akwai ɗaya da ba ka sani ba, da na ce ba komai."

Ya juya ya yi wa Dije magana da Fillanci. Ta shiga ta ɗauro kayanta. Na ce jarrabawa fa, saura kaɗan, ya bar ta ko gidan wani ne. Ya ce wa zai yarda da shi yanzu, tunda wanda ya fi yarda da shi ke nan. Dije ta miƙo mini littafin, ya ce a'a, ta riƙe, ba a mayar da haɓɓanaye sai lokacinsa ya yi. Kwana uku bayan haka rugarsu ta tashi.

Daminar nan ban ji daɗinta ba. Habsu ta yi wata guda ba ta ce mini komai sai ga tuwo, ga ruwa. Ranar jarrabawa na ga 'yan kilas ɗin Dije sun wuce da sabbin bik a hannu, na shiga ɗaki na rufe ƙofa. Na kwashe littattafan akwatin duka na bi su ɗaya bayan ɗaya, na sami wasu biyu da ashe rabi na karanta na dogara da abin da aka gaya mini. Amma in gaya muku gaskiya, ban da nadama akwai wani abu da ya hana ni sukuni: ina so in san me ya faru a ƙofar nan. Ba su rungumi juna ba, to sai me? Ƙanen ya mutu ne? Ba gidan ba ne? Ina noma ina saƙawa ina kwancewa, har na taɓa sare gero na bar ciyawa. Salular yaron mushen tana nan cikin gari, taku kaɗan daga gidanmu. Sau biyu ina kama hanya ina juyowa. Ni da na koyar da sa'o'in ubansa, in je in ce ya nuna mini ƙarshen littafin da na shekara talatin ina bayarwa? Girman kai ya hana, ga shi kuwa bai tsinana mini komai ba.

Bayan an yi girbi, shanu suka dawo cin kara. Wata ranar kasuwa da hantsi na ji sallama a hankali, na gane muryar. Sambo ne shi kaɗai, ya ƙara baƙi da rama. Muka gaisa kamar ba abin da ya faru, ya tambayi gero, na tambayi shanu. Sannan ya zaro Mai Jan Bango daga jakarsa ya aje tsakaninmu. Littafin ya ƙara kauri. An yanko shafukan kayen Dije an ɗinke su a baya da zaren da mata ke ɗinkin ƙwarya, ɗinki mai kyau, na uwarta.

"Ga saniyarka. Ta zo mana ba wutsiya, mun sa mata. Karanta."

"Zan karanta, in Allah ya so."

"Yanzu. Ina zaune."

Na sa tabarau. Rubutun Dije ne, ƙanana, a tsaye. Wan ya yi sallama sau uku. Ƙanen yana ciki, ya gane muryar, ya tashi har ya kama ƙyaure, sai ya tsaya. Ya turo matarsa ta ce ba ya nan. Wan ya ga takalman ƙanen a bakin ƙofa, ya gane. Ya roƙi ruwa ya sha, ya yi godiya, ya koma gida shi kaɗai. Da damina ta zo ya nome rabin gonar, ya bar rabin ƙanen ba shuka, haka kowace shekara. Nan littafin ya ƙare. Ina kaiwa nan na ji tabarau sun yi hazo. Shekara talatin ina hana yara wannan, ina ba su rago.

"Ka gama?"

"Na gama."

"Yanzu ka san ta?"

"Na san ta. Tana harbi."

Ya gyaɗa kai. Ya ɗauki sandarsa ya aza a gwiwa, yana murza ta.

"Ina da ƙane, Mushe. Ya sayar da shanunsa ya tafi kudu, mun rabu ba daɗi. Da Dije ta kawo mini ƙarshenka, na bar shanu hannun yara na shiga mota na je nemansa. Na ce tunda a littafi an rubuta, kuma Mushe ya gani da idonsa." Ya daina murza sandar. "Ni ko ruwan ba a ba ni ba."

Ban san ya yi tafiyar nan ba. Ba wanda ya sani, ko Dije ce mata ya yi ya je sayen kanwa. Na ce ya yafe mini. Ya ce ya yafe tun a arewa, ranar da ya sa ta karanta masa na gaskiyar, don ya ji ashe ba shi kaɗai ba ne. Sannan ya leƙa waje ya ɗaga murya.

"Dije! Sauke kayan, ki shiga ki gaida innarki."

Ashe tana bakin ƙofa tare da jaki tun ɗazu. Ta maimaita ajin, ta ci jarrabawa shekarar da ta biyo, amma shekarar da ta rasa ba wanda ya mayar mata, kuma ni na jawo mata asarar, ba ubanta ba. Da ta shigo zaure ta durƙusa ta gaishe ni, ta ga littafin buɗe a cinyata, ta ga idona. Ba ta yi dariya ba, ko da yake na ga tana so.

"Baba Mushe," ta ce, "wa ya fi ba ka haushi a ciki?"